Tsadar Zama Talaka a Birnin Gombe da Ƙofofin da Jama'a Ke da Ikon Ƙwanƙwasawa

Gombe ta zama hedikwatar jiha a ranar 1 ga Oktoban 1996, kuma daga wannan rana zuwa yau garin ya yi irin girman da waɗanda suka taso da hedikwatar masarauta daga Nafada suka sauka Doma, wato inda garin Gombe yake yanzu, a 1919 ba su taɓa hasashensa ba. Ma'aikatun gwamnati sun kafu, an kafa jami'ar jiha a 2004, bankuna da otal-otal da gidajen mai sun jeru a manyan tituna, sannan rikicin Boko Haram ya koro iyalai masu yawa daga Borno da Yobe da Adamawa, waɗanda da damansu suka yi zamansu ba su koma ba. Gari ya cika ya tumbatsa har gine-ginensa suka kutsa cikin ƙasar ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi. Dukiya ta shigo Gombe, babu mai musun wannan, sai dai ta shigo ne ta taru a wasu hannaye da wasu unguwanni, ta bar sauran jama'a a cikin abin da Bahaushe ke kira zaman kashin dankali, inda na sama ke danne na ƙasa ko da bai yi niyya ba.

Akwai alƙaluma guda biyu da ya kamata a ajiye su kusa da juna. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2019 ya sa layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kusan naira 376 a rana, kuma ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin ɗari na mutanen jihar Gombe suna ƙasa da wannan layi, alhali a Legas adadin bai kai kashi 5 ba. A ɗaya ɓangaren kuma, majalisar da fadar shugaban ƙasa ta kafa don sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta sanya Gombe a matsayi na ɗaya a tsakanin jihohi a 2021, ta sake sanya ta a 2023. Duka biyun gaskiya ne, kuma haɗuwarsu a jiha ɗaya ita ce ainihin matsalar: ana iya share wa mai jari hanya fes, amma mai tura kura da mai tuyar ƙosai su ci gaba da zama inda suke. Ma'aunin Gini, wanda masana ke auna rashin daidaito da shi daga sifili zuwa ɗari, ya ba Najeriya kusan 35 a wancan binciken, adadin da a ido bai yi muni ba. Amma an gina shi ne a kan abin da gidaje ke kashewa, ba a kan abin da suke tarawa ba, kuma manyan attajirai ba su cika buɗe wa masu ƙidaya ƙofa ba, don haka giɓin da ke tsakanin GRA da lungunan Bolari ko Pantami ya fi abin da wannan lamba ke nunawa faɗi.

Abin da ya faru daga 2023 ya ƙara buɗa giɓin. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai a lissafin naira, don haka wanda abincinsa ke rataye da gwamnati ta hanyar kwangila ko muƙami ya samu abin jingina, haka ma ɗan kasuwar da ke da hatsi a rumbu ko kaya a sito, domin farashi ya tashi da kayansa a hannu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, wanda in aka raba shi kwana talatin bai wuce naira 2,333 a rana ba ga magidanci da iyalinsa gaba ɗaya. Ko wannan ɗin ma bai shafi mafi yawan mutanen gari ba, saboda dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, balle ɗan dako a kasuwar Tudun Hatsi, ko yaron shago, ko tela, ko matar da ke surfe a cikin gida.

To, me taron jama'a da bibiyar gwamnati za su iya yi a kan wannan? Ba za su sauke farashin dala ba, ba kuma za su buɗe masana'anta ba, kuma duk wanda ya yi wa mutane wannan alkawari ya ruɗe su. Inda suke da tasiri shi ne ɗaya gefen lissafin. Samun magidanci yana da fuska biyu: abin da ke shigowa aljihunsa, da abin da zaman gari ke tilasta masa fitarwa kafin ya kai ga cefane. A wannan fuska ta biyu, talakan Gombe yana sayen zaman birni da tsadar da ta fi ta mai hali, kuma kusan kowane kashi na wannan tsada wani ofis ne ya yanke shi, ko ya ƙi yanke shi, a cikin kasafin kuɗin da doka ta ba jama'a damar sa baki.

Ruwa ne misali mafi bayyana. Babban tushen ruwan famfon Gombe shi ne madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, kuma a sassa da dama na garin ruwan ƙasa yana da nisa, ta yadda haƙa rijiyar burtsatse aiki ne na mai ƙarfi. Gidan da bututu ya isa ƙofarsa yana biyan kuɗin wata kaɗan, wani lokaci ma ba a zuwa karɓa, gidan da ke da burtsatse da sola kuwa ya biya sau ɗaya ya huta. A unguwar da bututu bai kai ba, ruwa yana bin hannaye uku kafin a sha shi: motar tanki ta sayo ta juye wa mai rijiyar siminti, mai rijiya ya sayar wa ɗan ga-ruwa, shi kuma ya jera jarkokinsa masu lita 25 a kura, ya ɗaure bakin kowace da leda don kada ta yi ambaliya a gargada, ya turo ta cikin yashi da rana tsaka yana dafe da ƙarfen da ƙirjinsa a wurin hawa. Kowane hannu yana da ribarsa da kuɗin mansa, kuma babu wanda ya yi zalunci a cikinsu, amma sakamakon shi ne lita ɗaya ta fi tsada a gidan haya mai ɗaki biyu fiye da gidan da ake ba fulawa ruwa da tiyo. Ranar da man dizal ya tashi, uwargida a irin wannan unguwa ce ke fara ji, domin ita ce za ta zaɓa tsakanin wanki da wankan yara. Shimfiɗa bututu na 'yan kilomitoci zuwa wannan unguwa tamkar ƙarin albashi ne ga duk gidan da ke cikinta, ƙarin da hauhawar farashi ba ta cinye shi da sauri, kuma tambayar wace unguwa za a fara kai wa bututu tambaya ce ta kasafi da siyasa kafin ta zama ta injiniya.

Haka abin yake ga ƙasa. Gombe tana zaune a kan ƙasa mai yashi da gangara, kuma kwarurrukan da zaizayar ƙasa ta haƙa sun ratsa garin ta wurare da dama. Fili mafi arha shi ne na bakin kwari, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ne ke gini a can, kuma shi ne damina ke ci wa katanga ko ɗaki sukutum, ya wayi gari tarin shekara ashirin ya bi ruwa. An yi manyan ayyukan tare zaizaya da tallafin Bankin Duniya, kamar wanda aka yi a kwarin da ya bi ta jami'ar jiha da Malam Inna, kuma sun ceci gidaje masu yawa, amma ƙananan rassan kwari da ke cikin lunguna ba sa shiga irin wannan lissafi sai in wani ya kai su da suna da hoto da adadin gidajen da ke bakinsu. Ga kuma batun takarda: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka ce banki ke karɓa a matsayin jingina, ita ce kuma ke ƙarfafa hujjar mutum ranar biyan diyya. Mai hali yana da ita, mai gidan gado a tsohuwar unguwa sau da yawa takardar mai unguwa da shaidu kawai yake riƙe da ita, don haka dukiyarsa tana nan amma ba ta iya haifar masa da jari. Makaranta da asibiti su ma haka: in makarantar gwamnati ta unguwa ta cika ajin ya wuce ƙima, ko asibitin gunduma ba shi da ma'aikaci da dare, talaka zai biya kuɗin makarantar kuɗi mai rahusa da kuɗin kemis da kuɗin Keke Napep zuwa babban asibiti, bayan kuwa an riga an ware kuɗin waɗannan ayyuka da sunansa.

Ƙofa ta farko da aka buɗe wa jama'a a 'yan shekarun nan ita ce ta kasafin kuɗin jiha. A 2018 gwamnatin tarayya da Bankin Duniya suka fito da shirin SFTAS, wanda ya riƙa ba jihohi kyautar kuɗi in sun cika wasu sharuɗɗa, ciki har da wallafa kasafi a intanet, da fitar da taƙaitaccen kasafi da talaka zai iya fahimta, da wallafa rahoton yadda aka kashe kuɗi duk bayan wata uku, da kuma yin taron jin ra'ayin jama'a kafin a kammala kasafin. Saboda wannan ne tarukan sauraron jama'a a shiyyoyin sanata suka zama al'ada a jihohi da dama. Ci gaba ne na gaske, domin kafin wannan lokaci ganin kundin kasafin jiha sai wanda ya san wani. Amma wanda ya taɓa zama a irin wannan taro a ko'ina a Arewa ya san yadda yake gudana. Ana kira ƙarfe goma, manyan baƙi su iso kusan azahar, a yi addu'a, a gabatar da masu girma ɗaya bayan ɗaya da cikakkun muƙamansu, kwamishina ya karanta jawabi da Turanci, a haska alƙaluma a bango waɗanda na layin baya ba ya iya gani. In aka zo lokacin jama'a, saura minti talatin, sai a ba wakilin sarakuna, da na matasa, da ta mata, da na masu buƙata ta musamman minti bibbiyu, kowa ya fara da godiya ya ƙare da roƙo, a tattara takardun buƙatu a cikin fayil, a raba lemo da kuɗin mota. Babu wanda aka gaya wa nawa ne ke kan tebur, babu wanda aka nemi ya zaɓa tsakanin abu biyu, kuma babu ranar da aka sa don dawowa a faɗi abin da ya shiga kasafi da abin da bai shiga ba da dalili. A ganina irin wannan taro ya cika sharaɗin takarda, amma bai matsar da naira ɗaya daga unguwar masu shi zuwa ta marasa shi ba.

Domin a ga bambanci, yana da kyau a dubi birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil, inda aka fara kasafin haɗin gwiwa da jama'a a 1989. An raba birnin shiyya 16, mutanen kowace shiyya suna taruwa su jera buƙatunsu bisa fifiko, su zaɓi wakilan da za su zauna da jami'an birni tsawon shekara, kuma abin da aka amince a kai shi ke shiga ɓangaren ayyukan raya gari na kasafin. Abin da ya sa tsarin ya taɓa rashin daidaito shi ne ƙa'idar rabon: ana ba kowace shiyya maki gwargwadon yawan jama'arta da kuma gwargwadon rashin da take fama da shi, ta yadda shiyyar da ba ta da ruwa ko titi ke samun kaso mafi tsoka ko da ba ta da babban mutum. Gidajen da ke da ruwan famfo da magudanar ƙazanta sun tashi daga kusan kashi 75 a 1988 zuwa kashi 98 a 1997. Daga baya tsarin ya yi rauni bayan jam'iyyar da ta kawo shi ta faɗi zaɓen 2004, wanda shi ma darasi ne, domin abin da ya dogara da son ran mai mulki yana tafiya tare da shi in ba a ɗaure shi da doka ba. A nan gida, jihar Kaduna ta gwada nata salon, inda al'ummomi ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko a kai wa masu tsara kasafi, tare da manhajar Eyes and Ears ta bibiyar ayyuka. Abin da Gombe za ta ɗauka daga duka biyun a fili yake: kaso sananne na kuɗin ayyuka da aka ce wannan jama'a ce za ta yanke, ƙa'idar rabo da aka rubuta wadda ke fifita unguwar da ta fi rashi, da kuma amsa a rubuce.

Matakin da wannan ya fi dacewa da shi shi ne gunduma, domin a nan ne mutane suka san juna kuma suka san wane kwalbati ne ya toshe. Ƙaramar hukumar Gombe tana da gundumomi 11, irin su Jekadafari, Herwagana, Kumbiya-Kumbiya, Shamaki, Nasarawo, Dawaki da Ajiya, kowace da kansilanta. Ƙananan hukumomin ƙasar nan suna da kashi 20.6 na kuɗin asusun tarayya, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma ko an aiwatar da shi gobe, kuɗin da ya kuɓuta daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya faɗa hannun shugaban da babu mai tambayarsa bai canja komai ga mai sayen ruwa a jarka ba. Zaman majalisar kansiloli ba asiri ba ne, amma mutane nawa ne a Gombe suka san ranar da take zama?

Akwai wata matsala da Gombe ke da ita wadda ba a cika magana a kanta ba, ita ce rashin jituwa tsakanin iyakar gari da iyakar mulki. Tumfure a ido unguwa ce ta birnin Gombe, mutanenta a cikin gari suke aiki da kasuwa, amma a takarda tana ƙarƙashin Akko, wadda hedikwatarta ke Kumo. Irin wannan yanayi ya shafi sabbin unguwanni da dama na gefen gari, kuma a nan ne baƙi da sabbin magidanta da waɗanda haya ta kora daga tsakiyar gari suka fi yawa. Shugaban ƙaramar hukumar da mafi yawan ƙuri'unsa ke karkara ba ya jin matsin lambarsu sosai, na Gombe kuma ba shi da hurumi a kansu, da yawansu ma katin zaɓensu yana rumfar tsohuwar unguwa ko garin da suka baro. Duk wani tsari na sauraron jama'a da aka gina bisa taswirar ƙananan hukumomi kaɗai zai tsallake waɗannan mutane, don haka ƙungiyoyin ci gaban unguwa a irin waɗannan wurare suna buƙatar kujera ta kansu a gaban hukumomin jiha masu kula da ruwa da tsara birni, sannan sauya rumfar zaɓe zuwa inda mutum yake kwana, wanda hukumar zaɓe ta tanadi hanyarsa, ya zama aikin farko na duk mai son a ji muryarsa.

Wasu ƙofofin kuma an daɗe da gina su, sai dai ƙura ta rufe su. Kowace makarantar firamare ta gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ya haɗa iyaye da malamai da mai unguwa da wakilan mata. Kowace gunduma ya kamata ta kasance da kwamitin ci gaba mai sa ido a kan asibitin matakin farko, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda wani ɓangarensa ke zuwa asusun asibitin kai tsaye. Jihar Gombe ta gyara asibiti ɗaya a kowace daga cikin gundumominta 114, wato ginin yana nan. Abin da ya rage shi ne kwamitin da zai san nawa ya shigo asusun a wannan zango, me aka saya, wane ma'aikaci ne ke kan jadawalin dare, kuma ya liƙa wannan bayani a bangon asibitin da Hausa. Inda kwamitin ya zama na mutum uku da ake kira su sa hannu kawai, laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, domin kujerun na unguwa ne kuma unguwa ce ta bar su.

Ga mai son ya wuce nan, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukuma amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ta hau kan jihohi. Amfaninta ya dogara da iya tambaya. Wasiƙar da ta ce a yi mana bayanin kuɗin ruwa za ta samu amsa ta jawabi, amma wadda ta kawo lambar aikin a kasafi, ta nemi sunan ɗan kwangila, da adadin da aka biya, da ranar da ya kamata a gama, tana da wuyar kaucewa. Da irin wannan naci ne matasan ƙungiyar Follow The Money mai bin diddigin kuɗin gwamnati suka matsa a 2012 har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin Bagega na Zamfara daga gubar dalma a 2013, kuma da shi ne shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ke bin ayyukan mazaɓu. Gari mai jami'a da kwalejin ilimi ta tarayya ba ya rasa matasan da za su iya karanta kundin kasafi su juya shafin gundumarsu zuwa Hausa a takarda ɗaya, a karanta a bakin masallaci bayan la'asar, a coci bayan sujada, da kuma a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, waɗanda a yanzu yabo da zagin 'yan siyasa suka cinye mafi yawan lokacinsu.

Babban haɗarin duk wannan shi ne taron jama'a yana iya ƙara giɓin da aka kira shi ya rage. Halartar taro tana da farashi: ɗan acaba da ya zauna awa huɗu a zaure ya rasa kuɗin cefanen ranar, ma'aikacin da ke da albashi kuwa bai rasa komai ba. Matan aure da yawa ba za su zo taron dare ba, ba kuma za su yi magana a gaban surukansu da iyayen unguwa ba. Ɗan haya da ɗan gudun hijira suna jin kansu baƙi, alhali su ne suka fi sayen ruwa da tsada. Idan aka bar abin ya tafi yadda ya ga dama, masu ilimi da masu lokaci ne za su cika kujeru, kuma buƙatarsu ta kwalta da fitilun titi za ta rinjayi buƙatar famfo da ungozoma, ba don mugunta ba, sai don kowa abin da ke damunsa yake gani. Maganin wannan yana cikin tsari: a yi zaman mata daban a makarantar Islamiyya ko wurin da suka saba taruwa, a kai taro tasha da kasuwa a lokacin da ciniki ya lafa, a yi zaɓen fifiko ta hanyar jefa ƙuri'a maimakon ɗaga hannu a gaban hakimi, a kuma ƙidaya mazaunin unguwa da inda yake kwana ba da asalinsa ba. Masu unguwanni da dagatai suna da muhimmanci wajen kira da sasanci, amma bai kamata su zama su ne bakin jama'a baki ɗaya ba, musamman a kan batun fili inda wasunsu ke da hannu a ciniki. Gombe kuma ta san abin da ke faruwa in aka bar matasa ba su da wata hanyar shiga siyasa sai ta bangar 'yan takara, domin tarihin 'yan Kalare, wanda har ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta a kansa a 2007, bai yi nisan da za a manta ba.

Saura batun haraji, wanda shi ne ya fi kowane ɗaci. Mai tebur a kasuwa da mai Keke Napep suna yankar tikiti kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma kuɗin iri ɗaya ne ga wanda ya samu da yawa da wanda ya tashi hannu rabbana, don haka nauyinsa ya fi sauka a kan ƙarami. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025 sun yafe harajin samu ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, amma wannan sauƙi ba zai isa ga mai tebur ba muddin tikitin yau da kullum yana nan yadda yake. A gefe guda kuma, kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi hurumin tantance gidaje don harajin gine-gine, wanda shi ne harajin da ya fi dacewa da birnin da darajar filayensa ke ninkawa saboda titunan da aka yi da kuɗin kowa, kuma shi ne aka fi sakaci da karɓarsa a biranen Arewa, saboda waɗanda zai fi shafa su ne masu faɗa a ji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna da yawan mutane da tsarin shugabanci da zai ba su damar zama da hukuma su nemi a haɗe tikitoci su zama ɗaya, a liƙa farashinsa a ƙofar kasuwa, a kuma bayyana kashi nawa ne zai dawo ya zama shara da ruwa da makewayi a kasuwar. Cikas ɗin shi ne shugabannin wasu ƙungiyoyin su ne wakilan karɓar kuɗin, suna da kasonsu a ciki, saboda haka tambayar farko da mai tebur zai yi ta nufi ofishin ƙungiyarsa kafin ta nufi sakatariya.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ma'aikatu suna fara tsara buƙatunsu ne tun tsakiyar shekara, bayan an aika musu da takardar kira da iyakar abin da kowace za ta nema, gwamna kuma yakan gabatar da kasafi ga majalisar dokoki a watannin ƙarshe, inda kwamitoci ke kiran kowace ma'aikata ta kare nata. Unguwar da ta kawo buƙatarta a Nuwamba ta tarar an riga an raba, sai dai a ce mata a bari sai baɗi. Wadda ke son bututu ko magudana a kasafin shekara mai zuwa, tun cikin damina ya kamata takardarta ta isa ma'aikatar da abin ya shafa da ofishin ɗan majalisarta, da jerin gidaje da sa hannun mazauna, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sannan in rahoton wata ukun farko ya fito a watan Afrilu, a duba layin aikin a ga ko an saki wani abu a kansa.